Ɓera ne ya cinye mini lemu, raga kuma ta zame masa gada

Bishiyoyin lemu uku ne a tsakar gidanmu a Kassala, gabashin Sudan, biyu na zaƙi, ɗaya na tsami, kuma a shekarar da suka fi yin 'ya'ya ne na fi tafka asara. Daga sawagi, lambunan da ke gefen kogin Gash, na sayo dashensu, na yi ta ɗawainiyar ban ruwa cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan sha ma sai an yi tattalinsa. Da sanyi ya shigo lemun zaƙin ya soma nuna, sai na riƙa tarar da wasu a rataye a reshe, ido na ganinsu lafiya lau, amma hannu na taɓawa sai a ji babu nauyi. An huda gefe guda, hudar da yatsu biyu za su shiga, an kwashe cikin tas, an bar ɓawo shi kaɗai yana lilo.

Duk wanda na nuna wa ɓawon nan amsa ɗaya yake ba ni, wai jemage ne. Maganar ta shiga kunne, domin akwai darbejiya a ƙofar gida, kuma jemagu kan sauka a kanta bayan magariba idan 'ya'yanta sun nuna. Aka ce maganinsu raga. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 babu abin da ke da sauƙi a kasuwa, amma na ƙulla kuɗi na sayo ragar da za ta lulluɓe bishiyoyin zaƙin biyu, muka ɗaure gefe ɗaya a saman katanga, ɗaya gefen a jikin rumfa. Jemage ko ɗaya ba ta kama ba. Ƙananan tsuntsaye ne suka riƙa maƙalewa a cikinta, kullum da safe sai mun kwance su, wasu da rai, wasu sun riga sun mutu. Ɓarnar kuwa sai ta ƙaru, har ta tsallaka kan lemun tsami, wanda a da ba a taɓa shi ba.

Wani dattijo daga cikin mutanenmu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki a sawagi, shi ne ya warware mini lamarin. Ya karɓi ɓawon ya juya shi a hannu, ya nuna mini bakin hudar, inda aka jera ƙananan tsagu biyu-biyu.

"Ɗana, jemage ba ya aiki da tsabta haka. Wannan haƙorin ɓera ne."

"Baba, ɓera a saman bishiya?"

"A saman dabino ma yana kwana. Ka zuba toka a kan katangarka yau da dare, gobe ka zo ka ba ni labari."

Kafin ya tafi ya bambance mini ɓarnar kowace dabba, kuma duk abin da ya faɗa na gwada shi daga baya na same shi daidai. Jemage ya fi son abu mai laushi irin su mangwaro da gwaiba da dabino, yana taunawa ya tsotse ruwan ya tofar da tuƙar, don haka a ƙarƙashin inda ya sauka za a ga dunƙule-dunƙulen tuƙa. Tsuntsu da rana yake ɓarna, sararsa ba ta da zurfi, bakinta a yage yake. Biri tsinkewa yake yi ya gatsa ya yar, ya karya rassa. Shi kuwa baƙin ɓera mai hawa sama, wanda wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, da dare yake fitowa, kuma yana da wata ɗabi'a da ta fi komai ba ni mamaki: a lemun zaƙi ciki yake ci ya bar ɓawo, a na tsami kuwa ɓawon yake gwaguya ya bar cikin tsirara a jikin reshe. Abin da na gani ke nan a bishiyata ta uku, na kasa gane kansa.

Na tankaɗe toka na shimfiɗa ta a saman katanga da gindin bishiyoyin. Da asuba na haska tocila, ga sawu nan jere, ƙafafun gaba masu yatsu huɗu, na baya masu biyar, da layin da wutsiya ta ja a tsakaninsu, ga kuma baƙin kashi mai tsini a kai da gindi, tsawonsa kamar santimita 1. A gindin bishiya babu sawu ko ɗaya. Duka sun bi saman katanga ne suka ƙare daidai inda muka ɗaure raga.

Har yanzu idan na tuna wannan raina yana ɓaci. A da ɓeran sai ya yi tsalle daga katanga zuwa reshe ɗaya tilo da ya kusanto ta, amma da aka shimfiɗa raga sai ta haɗa katanga da rumfa da bishiyoyin gaba ɗaya, ta kuma kare shi daga mage da mujiya. Da kuɗina na gina masa hanya, bisa shawarar mutanen da ba wanda ya tsaya ya duba bakin hudar kafin ya yanke hukunci. Toka kyauta ce a murhu, kuma dare ɗaya ya ishe ta ta faɗi gaskiya.

A ranar muka kwance ragar. Na sassare duk reshen da bai kai nisan mita 1 daga katanga ko rufi ba, na ɗage na ƙasa don kada su taɓa ƙasa, na kuma raba kan bishiyoyin da juna. Kowane gindi na naɗe shi da guntun langa-langa mai santsi, tsayinsa kamar santimita 60, ban matse ba don kada ya ci jikin itacen. Wannan naɗin ba shi da amfani muddin akwai hanya ta sama, saboda haka sara ne farko. Sai kuma na juyo kan gidan kansa, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari: dawar kaji tana kwana a buɗe, lemun da ya faɗi yana ruɓewa a ƙasa, ruwa na ɗiga a ƙarƙashin randa duk dare, ga tarin itacen girki jingine da katanga, inda muka tarar da sheƙa. Maiɗakina ce ta ɗauki nauyin wannan ɓangaren, kuma ina ganin aikinta ya fi nawa tasiri.

Tarko yana buƙatar haƙuri, domin ɓera yana gudun duk wani sabon abu a hanyarsa. Na ɗaure tarkunan da waya a saman katanga da cikin rumfa, na shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa, na bar su ba a ɗana ba har sai da na ga ana lashe gyaɗar, sannan na ɗana su duka a dare guda. Bai kamata a daina da zarar an kama na farko ba, tunda macen tana haihuwa bayan kimanin kwana 21 da ɗaukar ciki, kuma takan zuba 'ya'ya 5 zuwa 8 a lokaci ɗaya. Baƙin garin guba da ake sayarwa a kasuwa kuwa na ƙi shigo da shi, duk da an matsa mini. Gida mai yara da kaji ba wurinsa ba ne, kuma ɓeran da ya ci guba yana iya mutuwa a cikin rufi, ko mage ta cinye shi ita ma ta cutu.

Tsuntsaye suna sarar lemu ɗaya ko biyu a can saman bishiya, na bar musu, domin ba su ne suka tagayyara ni ba. Abin da ya rage shi ne katangar da muka haɗa da maƙwabcina, wanda dabinonsa ya sunkuyo kanta. Na kai masa ɓawon lemu guda na nuna masa tsagun haƙorin yadda Baba ya nuna mini, ya yarda muka sauke busassun rassan dabinon tare, muka kuma shirya cewa kowane farkon sanyi, kafin lemu ya fara nuna, za mu zuba toka a katangar mu ɗana tarko a ɓangarorin biyu lokaci ɗaya.