Kafin ka biya kuɗin kan inji a Gusau

Kan inji, wato murfin saman injin mota mai ɗauke da bawul, ana samunsa ɗan Beljiyam daga kasuwanni irin su Kofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Fara duba lambar da ke jikinsa, ta dace da ta injinka. Kama da wane ba ta wane.

A wanke shi fes. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, tsaye da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ka zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, a ƙarƙashin ƙarfen don ganin ko fuskar ta lanƙwashe. A injinan Toyota da yawa iyakar lanƙwasa milimita 0.05 ce. Tsagewa kuwa tsakanin mazaunin bawul take ɓuya, ido bai cika ganinta ba, sai an toshe hanyoyin ruwa an matsa iska a ciki.

In fuskar ta lanƙwashe, wurin masu injin goge fuska ake kai shi, a nan kuma ake yawan ɓata aiki. Ce musu su cire kaɗan, iya abin da zai daidaita shi. In suka zurfafa, matsin cikin silinda ya ƙaru, ga zafin Afrilu, ga fetur ɗinmu, sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya lalace.

Wajen ɗaura shi, sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin inji, da sabbin kusoshi, ka ɗaure daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo.