Ranar da "a" da "the" suka cinye mini darasi

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau na shiga ajin ƙarshe na babbar sakandare da niyyar mu yi bitar rubutun wasiƙa, tun da jarrabawar WAEC ta matso, amma abin da na gani a takardun da na duba daren jiya ya sa na ajiye wannan niyya. Kusan kowace takarda tana ɗauke da jimla irin "My father is teacher" ko "I bought book", wasu kuma sun watsa "the" a gaban kowane suna kamar mai barbaɗa gishiri a miya.

Maimakon in fara da Turanci, sai na rubuta a allo da Hausa: "Na ga wani yaro a kasuwa. Yaron yana sayar da goro." Na tambaye su dalilin da ya sa aka ce "wani yaro" da farko, sannan aka koma "yaron". Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ai da farko ba mu san shi ba, a jimla ta biyu kuwa mun riga mun san wanda ake nufi." Na ce mata ai ta riga ta gama darasin, domin aikin da "a boy" da "the boy" suke yi ke nan: na farko yana gabatar da abin da mai sauraro bai sani ba tukuna, na biyu kuma yana nuna abin da mai magana da mai sauraro duk suka san da shi. Mu muna liƙa wannan alama a ƙarshen kalma, mu ce littafin, motar, ko bas ɗin, su kuwa Turawa a gaba suke ajiye ta.

Sai dai kamanceceniyar da ke tsakanin harsunan biyu ba ta kai ko'ina ba, kuma a nan yaran suke tuntuɓe. Bahaushe yana cewa "Babana malami ne" ba tare da "wani" ba, amma Turanci ba ya barin sunan abu ɗaya da ake iya ƙirgawa ya tsaya tsirara, dole a ce "a teacher". Haka nan muna cewa "rana ta fito", su kuma sai sun ce "the sun", saboda guda ɗaya ce kuma kowa ya san ta. Na bayyana musu cewa "a" da "an" sun samo asali ne daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin ɗaya, shi ya sa ba sa shiga gaban jam'i, ko gaban abin da ba a ƙirgawa kamar "rice", "water" da "advice". Batun zaɓi tsakanin "a" da "an" bai ɗauke mu lokaci ba: sauti ake bi ba harafi ba, don haka ake cewa "an hour" amma "a university".

Ana dab da kaɗa ƙararrawa wani ɗalibi ya tambaya, "Malam, me ya sa littafinmu ya rubuta 'the Niger' a wani wuri, a wani wurin kuma 'Niger' kawai?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ce masa na farkon kogin Neja ne, domin sunayen koguna suna ɗaukar "the", na biyun kuma ƙasar Nijar ce, kuma yawancin sunayen ƙasashe ba sa ɗauka, ban da irin su Gambiya da ake kira "The Gambia". A ganina irin waɗannan haddace su ake yi, ba wata hikima da za a tono.

Na ba su aikin gida na jimloli 10, kuma kafin in fita na hango wani ya riga ya rubuta "an advice" a layin farko. Gobe daga nan za mu fara, wasiƙa kuma sai Juma'a in Allah ya kai mu.