Ɗakin Hajiya: yau ba a shimfiɗa kafet ba

Asabar, ƙarshen damina.

Yau muka sa za a shimfiɗa kafet a ɗakin Hajiya, amma ga shi an yi isha'i ɗakin yana nan fayau, ko tsohuwar ledar ma an naɗe ta an fitar. Kuma raina bai ɓaci ba. Bari in rubuta yadda aka yi tun abin yana kaina, don na san idan Yaya ya zo daga Kaduna sai ya nemi bayani dalla-dalla.

Tsarin da muka yi tun farko shi ne a sa tayil a falo, ɗakin Hajiya kuma a shimfiɗa kafet bango zuwa bango. Hajiya ba mai zaman kujera ba ce. A ƙasa take cin abinci, a ƙasa take lazimi, a ƙasa take karɓar baƙi, ga ciwon gwiwa da ya matsa mata. Tayil sanyi gare shi, musamman da asubar hunturu, kuma ruwan alwala kaɗan ya ishe shi ya yi santsin da zai kayar da tsohuwa. Wannan bai zama abin gardama a tsakaninmu ba.

Da hantsi wani ɗan kamasho na bakin titi, da ya ji labarin aikin a wurin masu shago, ya shigo da mutuminsa ba tare da na kira su ba. Mutumin ya tsaya a tsakar ɗaki, ya auna da taku, ya ce min: "Alhaji, ka ba ni kuɗin duka yanzu, kafin la'asar Hajiya tana kwance a kai." Bai durƙusa ya taɓa ƙasa ba, ko tef ɗin awo bai ciro ba. Na yi musu godiya na sallame su.

Wanda nake jira shi ne dattijon da liman ya haɗa ni da shi, wanda ya shimfiɗa kafet ɗin masallacin unguwarmu. Shekaru ke nan muna taka aikinsa sau biyar a rana, bai tattare ba, bai ɗaga a bakin ƙofa ba, sahu bai karkace ba. Ni a wurina shaidar ma'aikaci ke nan: ka je ka taka abin da ya yi wa wani, ka tambayi mai wurin yadda suka rabu. Da ya zo awo ranar Alhamis, ya ɗaga gefen tsohuwar ledar ta wajen bangon gabas, ya shinshina, sannan ya yanko farar leda kamar faɗin sallaya ya manne ta a kan simintin da salatif ta kowane gefe, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo.

Yau da ya ɓamɓare ta, cikinta duk raɓa ne, simintin da ke ƙasa kuma ya yi baƙi. Ya sa yatsa ya shafa, ya nuna min.

"Malam, ɗakin nan yana shan ruwa ta ƙasa. In na shimfiɗa yau, kafin azumi zai fara wari, gam zai saki, ƙasan kafet ɗin ya yi funfuna. Tsohuwa ce za ta riƙa shaƙa. Ni ba zan yi ba."

Na ce, "Baba, to mene ne abin yi?"

Ya ja ni muka zagaya bayan ɗakin. Indararon rufin yana zubar da ruwa daidai gindin bango, ƙasar wurin har ta zaizaye ta yi kwari, ga farin gishiri-gishiri ya feso a jikin bangon kamar kamu biyu daga ƙasa. Gidan tsoho ne, lokacin da aka yi daɓen ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba, shi ya sa duk damina danshi ke hawowa. Tsohuwar ledar ɗakin ita ta rufe abin shekara da shekaru, muna ta ɗora laifin warin a kan katifa. Shawararsa ita ce a fasa daɓen, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba sabo da siminti ɗaya yashi uku, a yi ta ba shi ruwa har kwana 7, sannan a bar shi ya bushe sosai. Ya ce siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, bushewar cikinsa kuwa tana iya wuce haka, don haka ba zai ba ni rana ba sai ya sake manna ledarsa ya ga ta fito a bushe. A waje kuma a ƙara wa indararon tsawo, a yi ɗan dakali mai gangare a gindin bangon. Ya ƙara da cewa wannan ba aikinsa ba ne, na birkila ne.

Mutumin nan da kuɗin aikinsa a aljihuna ya zo ya tarar da ni. Yana da yara biyu da ya taho da su, su ma jiran abin cefane suke. Da ya yi shiru ya shafa gam ya shimfiɗa, ba mai ganewa sai bayan watanni, lokacin kuwa sai a ce kafet ɗin ne ba mai kyau ba. Ya zaɓi ya koma gida hannu rabbana. Na ba shi kuɗin mota da na awon da ya yi, da ƙyar ya karɓa.

Yaya bai ji daɗi ba da na kira shi. Ya riga ya turo kasonsa, kuma yana so a gama kafin sunan da za a yi a gidan, don mata za su cika ɗakin Hajiya. Ya ce masu aiki haka suke, su ƙirƙiro matsala don aiki ya ƙaru. Na ce masa, "Yaya, wanda ya faɗa ɗin ba shi zai yi aikin fasawar ba, ko sisi ba zai samu a ciki ba." Na ɗauki hoton ledar da bangon na tura masa ta WhatsApp. Ya ɗan jima kafin ya amsa, sannan ya ce a yi abin da ya dace, a shimfiɗa tabarmi da darduma ranar suna.

Tunda ranar ta riga ta buɗe, sai na ɗauki mai tayil muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa don kayan falo. Falon mita 4.8 ne da 4.2, wato murabba'in mita 20 da ɗan ɗoriya. Tayil mai 60 da 60 guda 4 ne a kwali, kwali ɗaya yana rufe mita 1.44, lissafi ya ba da kwali 14 cif. Mai tayil ya ce a sayi 16, saboda yanka da fashewa da wanda za a tsaga a zagaye gindin bango, kuma a ajiye ragowar, don in ɗaya ya fashe nan gaba da wuya a sake samun launin. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya hana a loda mana kaya sai da ya duba lambar da ke jikin kowane kwali. Ya ce ko zane ɗaya ne, in ba gashi ɗaya aka yi musu ba launin yakan ɗan bambanta, ba ka gani a shago sai an jera rana ta haska. Kwali uku ya mayar. Mai shagon ya so ya tura mana mai ƙyalli, na ƙi, na ɗauki mai ɗan kaushi saboda jikoki da masu shigowa da jiƙaƙƙen ƙafa. Akwai na waje daga Sifen da Indiya da Sin, akwai na gida da ake yi a Ajaokuta da jihar Ogun. Na gida muka ɗauka, aljihu ne ya yanke hukunci, kuma mai aikin ya ce ya sha sa shi bai ga aibunsa ba. Siminti kuwa tun hawan da ya yi a farkon 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, kowa ya koyi ƙirga buhu kafin ya fara fasa ƙasa. Mun ƙirga namu sau biyu.

Daga nan na biya Sabon Gari na duba kafet, ban saya ba. Dattijon ya riga ya gaya min abin da zan nema: bandir mai faɗin mita 4, tunda ɗakin mita 3.6 ne da 4.2, sai a yanko mita 4.3 a shimfiɗa shi falle ɗaya ba haɗi a tsakiya, don wurin haɗi ne ke fara ɗagawa ya harɗe ƙafa. Ya ce in guji mai dogon gashi duk laushinsa, domin ƙurar hunturun Kano in ta shige shi tsintsiya ba ta fitar da ita. Gajeren gashi mai cika, da soso siriri a ƙasa saboda gwiwar Hajiya. Gam kuma a gefe-gefe da bakin ƙofa kawai zai shafa, yadda za a iya ɗagawa a sha iska. Ya ma tuna min a nemo kafinta ya rage ƙasan ƙyauren, in ba haka ba zai riƙa cin kafet ɗin duk buɗewa.

Bayan la'asar birkilan ya zo, muka zauna a zaure da shi da mai tayil, maƙwabcinmu yana shaida. Na ɗauko takarda muka rubuta jingar kowa: abin da zai yi, wa zai sayi kaya, wa zai biya leburori, wa zai kwashe ɓaraguzai, wa zai zuba man janareto idan za a yanka tayil babu wuta. Kuɗi kashi uku, kafin alƙalami, sai in aiki ya yi rabi, cikon kuma ranar da aka gama muka duba tare. Mai tayil da kansa ya ce ranar in zo da mukulli in ƙwanƙwasa kowane ɗaya, duk wanda ya yi ƙarar holoƙo siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, ya cire ya sake a kuɗinsa. Ni ma na ɗaukar musu alkawarin ba za su yi zarya a kan haƙƙinsu ba. Yawancin rigimar da nake gani tsakanin masu gida da masu aiki daga "ai na ɗauka" take farawa, kuma ba kullum laifin ma'aikaci ba ne. Mu ma masu ba da aiki muna da halin riƙe ciko ba dalili, alhali hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Da magariba na shiga ɗakin da Hajiya ta koma na wucin gadi, ina tunanin yadda zan gaya mata sai ta ƙara wata guda ko fiye. Ko a jikinta. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa yin daɓe ya kwana a kai ranar?" Ta ba ni labarin ɗakin aurenta a ƙauye, yadda matan unguwa suka yi gayya, aka zuba tsakuwa, suka jeru da maɗaɓai suna bugu suna waƙa tun safe har rana ta karkata, aka yi ta yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasan ya yi ja yana sheƙi, aka rufe ɗakin kwanaki ba mai shiga. Abin da ta roƙa kawai shi ne kada a zaɓo mata launi mai haske, saboda jikoki da kokonsu.

Litinin birkila zai fara fasawa. Gobe bayan azahar zan je in yi maganar yashi, mai kaushi ya ce, ba na filasta ba, sannan in shirya da ɗan garuwa ya riƙa kawo ruwa safe da yamma har kwana bakwai ɗin su cika, don famfonmu ba abin dogaro ba ne.