Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tokar Jidda

Makon jiya na tsaya a inda marigayi Kawu ya karɓo mini iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. 'Yan gidanmu biyu sun bugo waya, wai na yi wa mamaci butulci. To, su ji wannan tukuna.

Aikin da ya samo mini shara ce a cikin tukunyar tururi, wato boila, ta wata tashar wuta a bakin Bahar Maliya. Shekarar 1990 ce, ko'ina maganar Saddam ya shiga Kuwait ake yi. Tashar baƙin mai take ƙonawa, mai kauri kamar kwalta. In an kashe tukunya don gyara, sai a tura mu ta wata 'yar ƙofa da sai ka rarrafa, mu kankare tokar da ta daskare jikin bututai. Daga waje baƙa ce, amma in ka fasa ɓawon sai ka ga ruwan ɗorawa a ciki kamar garin kurkum. Takunkumin takarda aka ba mu, kafin azahar zufa ta jiƙa shi. Mu kuwa muka naɗe fuska da rawani. Shi mai kula da mu, don a gama da wuri, tiyon iska yake sawa a busa tokar, har fitilar da ke hannunka ba ka gani.

Abin ba ya kama mutum nan take. Sai bayan isha, ka kwanta, ido ya fara yaji, maƙogwaro kamar an zuba barkono, ga busasshen tari, ƙirji yana shewa. Da safe in ci ful da tamis, bakina kamar na tsotsi kwabo. Rana ta uku wani Bazabarme da muke ɗaki ɗaya ya ce in buɗe baki. Ya ja da baya yana salati. Harshena kore, irin koren miyar kuka da ta kwana. Ya duba nasa a madubin aski, shi ma haka.

Mun ɗauka jifa ne. Har Shari'a Mansur na je a Makka aka yi mini rubutu. Da na nuna wa Kawu harshen, dariya ya yi, ya ce, "Yaro, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haka duniya take." A lokacin na ɗauka da Balaraben da ya ɗauki kwangilar yake. Ban san kashi ɗaya cikin uku na riyal ɗina hannunsa yake bi ba.

Haɓo ne ya kai ni asibiti. Likitan, ɗan Sudan, kafin in gama gaisuwa ya ce, "Boila kake sharewa?" Shi ya fara gaya mini sunan abin, banadiyam, wani irin ƙarfe. Ya ce a cikin baƙin man yake, wuta kan cinye mai ta bar shi a toka. Koren harshe zai tafi cikin kwanaki in na bar wurin, ƙirjin ne abin tsoro. Ya sa aka auna fitsarina. Ya ce tokar nan jiƙa ta ake yi da ruwa, ko a zuƙe da inji, ba a busa ta, ba a share ta a bushe. Takunkumin roba mai tace iska ake sawa, kuma sai ya manne da fata, don haka gemu ba ya zama. A nan muka ɗan ja, ni da nake taƙama da 'yan gashin da suka fito mini. Ya ce kada in ci komai ban yi wanka ba, kayan aiki kuma a can za su kwana. Mu da muke rataye su a kan tabarmar da muke barci!

Bara Auta ta zo hutu daga jami'a, ta ji ina shewa da hunturu, ta ɗauko waya. "Abba, banadiyam fentoksaid ake ce masa." Ta karanto mini cewa iyakar da masana suka sa miligiram 0.05 ce a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi, kuma a 2006 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar. Na yi shiru ina tuna fitilar nan da ba a gani.

Na kai wa Kawu maganar likita. Ya ce in aske gemun in koma, ai talaka ba ya zaɓen toka. Takunkumin roba kuwa da kuɗina na saya, kuma sai da ya cire kasonsa na watan. Ranar da aka yi walimar gidansa mai bene, Inna ta aiko ni da kwanon waina, na tsaya a zaure ina kallon fenti, karin maganarsa tana dawo mini. Gardi da kwashe kuɗi. Ni na kama masa makara daga baya, ina tari har maƙabarta, da abin shaƙa a aljihu.

Bazabarmen nan bai ƙarasa kwangilar ba. Yadda muka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Yamai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.