Yaran da suka so zama likitoci

A makarantun firamare na Kano, idan malami ya tambayi yara abin da suke son zama, mafi yawansu likita suke cewa, 'yan kaɗan kuma lauya ko matuƙin jirgin sama. Ni ma likita na ce, amma yau shadda da atamfa nake aunawa a Kantin Kwari.

Burin yakan fara tangal-tangal ne daga jarrabawar JAMB, domin guraben karatun likitanci a jami'o'inmu ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi yawan masu nema. Wanda bai dace ba sai ya karɓi gurbi a sashen ilmin halittu ko na sinadarai, ya yi shekara 4, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya dawo ya kafa teburin POS a bakin titi ko ya koyi gyaran waya.

Ba na raina sana'ata, da ita nake riƙe iyalina da mahaifiyata. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun muna sakandare babu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana aikin jinya, haɗa magunguna ko gwajin jini, alhali asibitocin karkara suna ta kukan rashin waɗannan ma'aikata.