Bindigar da ke tashi ba a taɓa kunamarta ba

A wurin wani dattijo mai tara tsofaffin makamai a Amurka na samu damar harba Nambu samfurin 94, ƙaramar bindigar hannu da Kijiro Nambu ya tsara wa sojojin Japan. An fara ƙera ta a 1935, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 an fitar da kusan 71,000.

Kafin ya bar ni in sa mata harsashi, sai da ya cire komai daga cikinta, ya ɗana ta, ya ce in danna wani siririn ƙarfe da ke kwance a gefenta na hagu. Ina dannawa na ji ƙas! Ta saki, alhali yatsana ko kusa da kunama bai je ba. Wannan ƙarfen shi ke haɗa kunama da abin da ke bugun harsashi, kuma a yawancin bindigogi a ɓoye yake a ciki. Nan kuwa an bar shi a fili. Na lura dannawar tana son ƙarfi, kuma idan aka murɗa makullin da ke hana ta tashi, ƙarfen ba ya motsi. Duk da haka, makamin da rashin kulle shi kaɗai zai iya jawo salalar tsiya, a ganina tun daga zane aka yi kuskure.

Harbin kansa babu wahala. Harsashinta mai milimita 8 ba shi da ƙarfi sosai, don haka ba ta fizgar hannu, mariƙinta kuma ƙarami ne, ya dace da matuƙan jirgin sama da na tankar yaƙi da suke cikin matsatsi. Harsashi shida take ci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cire gidan harsashin idan ya ƙare: murfin sama yana danne shi, sai ka sa hannu biyu ka finciko.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai hafsoshin Japan kan miƙa ta kamar sun miƙa wuya, sai su danna gefen su harbe wanda ya zo karɓa. Bayan na riƙe ta, ban gamsu ba. A irin wannan riƙon saiti ma ba zai yiwu ba. Wadda na harba ta ƙarshen yaƙi ce, mariƙin katako zalla, kuma shatin injin da ya yanke ƙarfen yana nan ba a ko goge ba.