Tabaran kwamfuta a aji: kowane yaro da irin idonsa

Masu ƙera tabaran nan da ake rufe ido da shi, mutum ya tsinci kansa cikin duniyar kwamfuta, suna yawan cewa na'urarsu za ta san kowane ɗalibi, ta ba shi darasi daidai ƙarfinsa. Ni malamin ilimin halittu ne a nan Tawa, kuma ina fatan hakan ta tabbata, domin a aji mai yara sama da sittin da wuya malami ya rarrabe wanda ya gane da wanda ke gyaɗa kai kawai. Amma bana da wani abokina ya ara mana tabarau biyu muka yi darasin zuciya, na ga daidaitawar tun daga fuskar yaro take farawa.

Tazarar da ke tsakanin ƙwayar idanu ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta babban mutum tana kusan milimita 63, ta yara ba ta kai haka ba. Tabaran Quest 2, alal misali, da ya fito a 2020, matakan tazara uku gare shi: milimita 58, 63 da 68. In gilasan ba su zo daidai da idon yaro ba, hoto sai ya yi dishi-dishi, kai ya ɗau ciwo. Ga masu tabarau na likita, ga ƴan mata da ɗaurin na'urar ke zame musu a kan hijabi.

Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ba ta jima ba ta tuɓe shi, ta dafe benci, ta ce, "Mushe, jiri nake ji." Dalilin sananne ne: ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwa ana tafiya cikin jijiyar jinin da hoton ke nunawa, cikin kunne kuma yana cewa jiki a tsaye yake wuri ɗaya. Na zaunar da ita, na sauya tafiyar daga sulalewa zuwa tsalle daga wuri zuwa wuri, na rage mata lokaci. Da ta sake sawa, da yatsa ta riƙa bin jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, ya dawo ta hagu, tana faɗa da ƙarfi har na bayanta suna ji. Wanda ya karɓa bayanta kuwa sauri yake so, tsallen nan gundurarsa ya yi.

Sai batun harshe. Muryar da ke bayani ta Faransanci ce, mai sauri. Akwai yaran da na kashe musu sauti na tsaya kusa da su ina bayani da Hausa, nan take tambayoyi suka fara fitowa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ya kamata darasin irin wannan ya bar yaro ya zaɓi muryar da zai ji, har da Zabarmanci da Tamashek.

Manhajojin da ake cewa suna daidaita kansu suna ƙirga kurakuran ɗalibi da daɗewarsa a kan abu, wasu tabaran ma suna bin inda ido ke kallo, sannan su sauƙaƙa ko su tsananta. Burin daɗaɗɗe ne. A 1984 masanin ilimi Benjamin Bloom ya nuna ɗalibin da malami ke koyarwa shi kaɗai yana yi wa na aji nisa sosai. Mu kuwa mun san haka daga makarantar allo: kowa da allonsa, malam ya biya maka naka, ba ka wankewa sai ka riƙe. Amma malamin allo yana ganin fuskarka. Manhaja ta ga yaro ya daɗe gaban zuciya, ba ta san ko ruɗewa ya yi, ko mamaki, ko bai karya kumallo ba. Shi ya sa nake so ikon sauya mataki ya zauna hannun malami, kuma bayanan kallon yaranmu su tsaya cikin na'urar, kada su tafi inda iyaye ba su sani ba.

Da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa za su ɗauki aikin nan, abin da zan roƙa shi ne darasi gajere mai aiki babu intanet, wanda ake iya yi a zaune, da muryar Hausa da za a iya rage mata sauri.